Yadda tsohon jami'in leƙen asirin soja zai samu aikin farar hula bayan ya dawo gida

Sojan da ya yi tuƙi ko jinya ko aikin injiniya, idan ya ajiye kaki ya dawo Gwaram ko Sumaila, kowa ya san abin da zai iya. Wanda ya yi shekarunsa a sashen leƙen asiri kuwa, matsalarsa biyu ce. Yawancin abin da ya yi ba zai iya faɗa ba, ɗan abin da zai iya faɗa kuma mai ɗaukar aiki ba ya gane shi. Sai ka ga mutum mai kaifin basira ya ƙare a zaman jiran fansho, ko an ba shi shugabancin masu gadi uku a gidan mai, alhali sana'ar da ke kansa ta wuce nan nesa ba kusa ba. Wannan asara ce gare shi da kuma yankinmu. Ga hanyar da nake ganin ta fi ɓillewa.

Mataki na farko: raba sirri da sana'a

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ta neman aiki, ɗauki takarda ka raba ta gida biyu. Gefe ɗaya na abin da ba naka ba ne: sunayen majiyoyi, wuraren da aka yi aiki, yadda aka shirya samame, irin na'urorin da aka yi amfani da su. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ba ta sakin mutum don ya yi ritaya, kuma ko da babu doka, akwai rayukan mutanen da suka amince da kai. Wannan gefen ka rufe shi har abada, ko a intabiyu, ko a majalisar ƙofar gida bayan la'asar.

Ɗaya gefen naka ne halak malak: iya tsara tambayar da ake neman amsarta, tattaro bayani daga wurare daban-daban, tantance gaskiya daga jita-jita, karanta taswira, rubuta gajeren rahoto, tsayawa gaban babba ka yi masa bayani cikin minti biyar. Wannan shi ne hajarka.

Mataki na biyu: haɗa takardunka tun kana bariki

Takardar sallama, satifiket ɗin kowane kwas da ka yi, takardun yabo, da na aikin wanzar da zaman lafiya idan ka je. Ka yi musu hoto ka adana a imel, don gara da ruwan damina ba sa tambayar darajar takarda. Ka daidaita lamarinka da Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja tun da wuri. Idan an tura ka cibiyar horar da sojoji masu shirin ritaya da ke Oshodi a Legas, kada ka ɗauke ta hutu, ka zaɓi abin da zai yi maka amfani a gida.

Mataki na uku: sake rubuta CV da harshen mai ɗaukar aiki

Nan ne akasari ake tuntuɓe. Manajan kamfanin shinkafa bai san bambancin birged da bataliya ba, kuma jerin gajerun haruffan soja ba sa gaya masa komai. Abin da ke ransa shi ne kada a sace masa kaya, kada a tare masa mota, kada rikici ya tsayar masa da aiki. Don haka kowane layi na CV ɗinka ya amsa tambaya ɗaya: wace asara ka hana, kuma ta wace hanya?

Maimakon ka rubuta cewa ka riƙe ofishin leƙen asiri na bataliya kaza a aiki kaza, rubuta cewa ka shugabanci ƙaramar tawaga mai tattara bayanai da tantance su kullum, kana ba shugabanni rahoton haɗarin hanya kafin a fitar da ayarin motoci. Maimakon ka ce ka yi wa waɗanda aka kama tambayoyi, ka ce ka ƙware wajen binciken abin da ya faru, da jin ta bakin shaidu, da rubuta sakamako. Maimakon aikin hana leƙen asirin abokan gaba, ka ce tantance ma'aikata kafin a ɗauke su da kare bayanan kamfani. Duk gaskiya ne, babu sirrin da ya fita, kuma manaja ya gane.

Muƙaminka ka ambace shi sau ɗaya ya isa. Shafi biyu kada ya wuce. Sannan ka ba wani farar hula, ko malamin makarantar sakandaren garinku ne, ya karanta. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka ma'ana, wurin yana buƙatar gyara.

Mataki na huɗu: zaɓi kasuwa ɗaya

Ba sai ka koma Abuja ko Legas ba. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke Kano suna buƙatar manajan tsaro. Kamfanonin da ke manyan ayyuka, irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, suna buƙatar wanda zai kula da tsaron ma'aikata da kaya, ya kuma iya zama da dagaci a warware ƙorafi kafin ya zama zanga-zanga. Ga manyan gonakin shinkafa na kwarin Haɗeja, ga masu ɗaukar riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa tashar jirgin ruwa, ga masu safarar dabbobi daga Maigatari da Wudil zuwa kudu. Dukansu dukiyarsu tana kwana a hanya ko a sito, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da mai duba musu haɗari kafin ya auku.

Idan kai mai son lissafi da takardu ne, dubi bankuna. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta musu sanin abokan hulɗarsu da kai rahoton hada-hadar da ake zargi ga hukumar NFIU mai tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, wadda ta zama mai cin gashin kanta a 2018. Bin sawun kuɗi da bin sawun mutane hanyar tunani ɗaya ce. Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buɗe guraben jami'an kare bayanai a ma'aikatu.

Ƙungiyoyin agaji ma suna ɗaukar masu ba da shawara kan tsaro, sai dai a nan a yi hattara. Rayuwar ma'aikatansu ta dogara ne da kasancewarsu 'yan ba-ruwanmu, saboda haka wasunsu suna ɗari-ɗari da wanda ya fito daga leƙen asiri. Kada ka ɓoye tarihinka, kada kuma ka yi tinƙaho da cewa har yanzu kana da mutane a ciki. Ka nuna musu ka fahimci cewa aikinka kare ma'aikata ne, ba tara wa kowa bayani ba. Idan zuciyarka ba ta yarda da wannan sharaɗin ba, nemi wani fannin.

Mataki na biyar: ƙara satifiket ɗaya da farar hula suka sani

Ɗaya, wanda ya dace da kasuwar da ka zaɓa. Na manajan tsaro, satifiket ɗin CPP na ASIS, ƙungiyar ƙwararrun harkar tsaro ta duniya, ya yi suna. Na banki, CAMS, satifiket ɗin ƙwarewa a yaƙi da halasta kuɗin haram. Mai nufin ƙungiyoyin agaji ya fara da BSAFE, kwas ɗin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake yi kyauta ta intanet. Idan digiri ne ba ka da shi, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da fannin nazarin laifuka da tsaro, kana iya yi kana duba gonarka. Ka koyi Excel sosai, da manhajar taswira ta QGIS wadda kyauta ce. Kada ka zuba giratutinka a kwasa-kwasan da ba ka ga wanda ya samu aiki da su ba.

Mataki na shida: nuna aikinka a shafi ɗaya

Tunda ba za ka iya nuna tsofaffin rahotanninka ba, rubuta sabo daga bayanan da kowa zai iya samu. A ce kana son aiki da Alhajin da ke da sito da gonar shinkafa wajen Auyo. Je ka ga wurin da idonka. Ka lura ƙofar sito ɗaya ce amma makulli yana hannun mutum huɗu, ba a rubuta buhunan taki sai da yamma, fitilar bayan katanga ta mutu. Ka tambayi direbobi a tasha inda hanya ke yankewa in ruwa ya yi yawa, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa yankin. Ka ji daga manoma da makiyaya inda burtali ya matse, da watan da shanu ke saukowa kafin a gama girbi.

Sannan ka auna kowane labari yadda aka koya maka, amincin majiya daban, ƙarfin labarin daban. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka rubuta shi a matsayin abin da ba a tabbatar ba. A ƙarshe shafi ɗaya: haɗari uku mafi girma, yiwuwar kowanne, abin da za a yi, da abin da zai ci. Ka rubuta da Hausa in ita Alhaji ya fi karantawa. Ka miƙa masa ka ce, “Alhaji, ga abin da na gani, a duba.” Mutumin da ya ga an gano masa inda buhunansa ke zurarewa ba zai tsaya tambayar tauraro nawa ka saka a kafaɗa ba.

Mataki na bakwai: gyara zamanka da mutanen gari

A ƙauye labari ya riga ka isowa, kuma wasu za su riƙa yin shiru in ka zauna. Maganin wannan shi ne a ga aikinka a fili. Ka je ka gaida dagaci da hakimi, ka sanar da DPO abin da kake yi. Idan 'yan sintiri sun nemi taimako, koya musu rubuta abin da ya faru da lokacinsa, da miƙa wanda ake zargi ga 'yan sanda ba tare da duka ba. Kada ka zama kwamandansu, kada ka yi wa ɗan siyasa leƙen abokin hamayya komai kuɗin da ya ajiye.

Idan kana son kafa naka kamfanin, sai ka bambance abu biyu. Ba da shawara da horarwa, rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ce mafarinsa. Amma samar da masu gadi yana ƙarƙashin dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986, lasisi kuma ta hannun Sibil Difens ake nemansa, kuma dokar ta hana masu gadin riƙe bindiga. Ka fara da shawara da horarwa, tunda jarinsu bai wuce kwamfuta da kuɗin mota ba, ka bar maganar lasisin gadi sai ka samu abokan hulɗa biyu ko uku da ke biyanka duk wata.