Darasi na Takwas: Fumfunar da Ake Ci da Wadda Ke Kisa

Duk wanda ya taɓa manta burodi a wuri mai ɗumi da danshi ya san fumfuna. Za a ga wani abu kamar auduga ya fito, fari ko kore ko baƙi. Wannan abu mai rai ne. Yana ci, yana girma, yana yaɗuwa ta iska. Yis ɗin da ake sa wa ƙullin fulawa don ya tashi ma danginsa ne.

Mutane sun daɗe suna amfani da waɗannan ƙananan halittu wajen sarrafa abinci. A Indonesiya ana dafa waken suya, a barbaɗa masa irin wata fumfuna, a rufe. Bayan kwana biyu sai ta haɗe waken ya zama curi fari. Sunansa tempe. A Japan akwai wata da suke kira koji, da ita suke yin miso (wani ƙullin waken suya da ake sa wa miya) da ruwan ɗanɗano na waken suya. A Faransa akwai cuku mai layi-layin shuɗi a ciki, fumfuna ce aka sa da gangan. Hatta sinadarin tsami na sitirik asid da ke cikin lemon kwalba da alewa, mafi yawansa wata baƙar fumfuna ce ke samar da shi a masana'anta.

Amfanin a fili yake. Fumfunar tana farfasa wake, sai ya yi sauƙin narkewa a ciki. Tana rage wani sinadari da ke hana jiki tsotsar ƙarfen jini daga hatsi da wake. Tana kuma ƙara ɗanɗano.

To ina haɗarin?

A nan nake so mu tsaya da kyau, domin nan ne ake yin kuskure. Koji tana da 'yar'uwa ta kusa mai suna Aspergillus flavus. Kamanninsu ya kusa zama ɗaya, ido ba ya raba su. Amma ita wannan tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Tana son masara, gyaɗa da sauran hatsin da aka adana bai bushe ba.

An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa daga Brazil. A 2004 ta faɗa wa mutane a gabashin Kenya ta hanyar masara: 317 suka kamu, 125 suka rasu. Wanda ya ci da yawa lokaci guda, hantarsa ce ke lalacewa. Sai amai, ciwon ciki, idanu su yi rawaya. Wanda yake ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ba ya jin komai, amma yana cikin haɗarin sankarar hanta, musamman idan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don babu alamar da za ta gargaɗe shi.

Ku riƙe wannan: dafuwa ba ta kashe gubar. Wuta tana kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan. Wanki ma ba ya fitar da ita duka. Kada kuma a ce bari a ba dabbobi, domin saniyar da ta ci gurɓataccen hatsi tana fitar da wani ɓangare na gubar a nononta.

Ko abin da aka yi a masana'anta yakan sami matsala. A watan Maris na 2024 kamfanin Kobayashi na Japan ya janye ƙwayoyin da yake yi da jar shinkafa, wadda ake tsimawa da fumfuna don rage kitsen jini. Mutane da dama sun kwanta asibiti da ciwon ƙoda. Bincike ya nuna wata baƙuwar fumfuna ce ta shiga cikin aikin. Ita jar shinkafar kanta tana ɗauke da sinadari iri ɗaya da wani maganin asibiti, saboda haka mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da mai shan maganin kitsen jini, kada su sha sai da izinin likita.

A gida fa? Fumfunar da ta zo da kanta, ba wanda ya gayyace ta, ba a cin ta. Idan ta fito a burodi, dafaffen abinci ko wani abu mai laushi, a zubar da shi gaba ɗaya, saboda saiwoyinta sun shige ciki inda ido ba ya kaiwa. Cuku mai tauri ne ake iya yanke wurin, a haɗa da kamar faɗin babban yatsa kewaye da shi. Kada a shinshina, ƙurarta tana shiga huhu. Hatsi kuwa a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a zuba a buhu, a ɗora buhun kan katako nesa da bango, a tsince ƙwayoyin da suka canza launi ko suka yamutse.

Aikin gida: ku duba hatsin da kuka adana. Ku ɗebi cikin tafin hannu daga ƙasan buhu, ku ware masu tabo, ku rubuta adadinsu a littafinku, ku zo da shi aji.