Yadda ake gane tsohuwar karaban ta faiba, da yadda ake tada ita

Wannan rubutun na yi shi ne musamman don 'yan uwa da ke zaune a Kanada, Amurka ko Turai, masu ganin ƙananan ɗakunan nan masu taya da ake jona wa mota a ja, ana tallarsu a Facebook ko an jingine su a bayan gidan wani ciyawa ta cinye tayoyin, rai na so amma ba a san ta inda za a fara ba. Karaban kenan. Kuma ba kowace iri nake nufi ba, sai wadda aka zuba jikinta gaba ɗaya da faiba, irin wadda ake yin kwale-kwale da ita. Wanda yake gida ma kar ya wuce, don aikin faibar kusan ɗaya ne da na masu gyaran bambar mota.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, jikin faiba ba ya tsatsa ba ya ruɓewa. Don haka wadda ka gani ta koɗe ta yi gansakuka ba lallai ta lalace ba, wadda aka goge tana ƙyalli kuma ba lallai tana da lafiya ba. Kuɗinka a ƙasa za su tafi, wato shasi da aksil da daɓen katako.

Na farko, ka tabbatar da irin wadda kake kallo

Akwai karaban da yawa da masu sayarwa ke cewa ta faiba ce, alhali firam ɗin katako ne a ciki aka lulluɓe shi da fallen faiba. Waɗannan suna da kusurwa mai kaifi da gefunan alminiyom a duk inda bango ya haɗu da rufi, kuma in ruwa ya shiga katakon ya ruɓe to magana ta ƙare. Ta ainihi ba ta da kusurwa, jikinta ya lanƙwasa, kamar ƙwarya biyu ce aka kifa ɗaya kan ɗaya aka haɗe bakin. Mutanen Arewacin Amurka ma ƙwai suke ce musu.

Wadda ta fi suna ita ce Boler, Ray Olecko ne ya fara yin ta a Winnipeg ta Kanada a 1968, aka ci gaba da yi har 1988. Mai ƙafa 13 ce aka fi gani, amma ka sani awon nan har da dogon ƙarfen gaba da ake jonawa a mota, ɗakin kansa kusan ƙafa 10 ne. Scamp da ake yi a Backus ta jihar Minnesota tun farkon shekarun 1970 daga Boler ta samo siffarta, kuma har yau kamfanin na aiki, abin da ke da daɗi kenan don ana samun kayan gyara. Trillium ta Ontario ta fi su faɗin kafaɗa, tana da tagogi irin na luba. Duk ukun nan mahaɗarsu a kwance take, ta zagaye cikin kamar bel. Burro da waɗanda kamfanin U-Haul ya riƙa bayarwa haya a shekarun 1980 kuwa mahaɗarsu ta bi ta saman rufi ne daga gaba zuwa baya, kuma jikinsu ninki biyu ne ciki da waje. In a Turai kake, wadda za ka fi cin karo da ita N126 ce ta masana'antar Niewiadów a ƙasar Folan, an fara yin ta a 1973, ƙarama ce har 'yar Fiat 126p tana jan ta, a Ingila kuma da sunan Freedom aka riƙa sayar da ita. Ostareliya suna da Sunliner da Olympic.

Ka nemi lambar jiki a ƙarfen gaba ko a cikin kabad, ka gwada ta da takardu. In mai ita ya ce takardu sun ɓata, ka fara tambayar ofishin rajistar motoci na inda kake me suke buƙata kafin ka ba da ko sisi, don ka gama aiki a hana ka hawa titi da ita ba ƙaramin baƙin ciki ba ne.

Na biyu, duba kafin ka saya

Ka tafi da tocila, sukundireba, jak, da tsohon kwali na kwanciya. In so samu ne ka je bayan an yi ruwan sama.

Kar ka fara da ciki, ciki yana ɗauke hankali. Shimfiɗa kwalinka ka shiga ƙasa. Ka bi ƙarfen shasin da tocila tun daga gaba, ka tsaya sosai a inda ƙarfen ya lanƙwasa zai fito daga ƙarƙashin ɗaki, nan ne tsofaffin Boler suka saba tsagewa saboda ƙarfen siriri ne kuma nan ne nauyi ke dukansa duk sanda aka faɗa rami. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, amma in ka danna sukundireba ƙarfen yana ɓarewa ko ya huje, ko ka ga tsohuwar walda an maƙala wani ƙarfe a kai, to ka sa kuɗin mai walda a lissafinka.

Sai aksil. Yawancin waɗannan ƙananan ba su da sifirin, roba ce a cikin bututun aksil ɗin take shanye girgiza, kuma robar nan da shekaru tana sandarewa. Gwajin ba wuya: ka sa jak a jikin shasi ka ɗaga, kana kallon tayar. In aksil na da rai za ka ga ɗakin ya fara ɗagawa tayar tana nan ƙasa tukuna, ta ɗan sauko kafin ta bar ƙasa. In tayar ta tashi tare da ɗakin nan take, robar ta mutu, kuma ba a gyara ta sai dai a canza aksil ɗin gaba ɗaya. Karaban mai shekara 40 da ba a taɓa canza mata ba, ka ɗauka ta mutu kawai. Tun tana sama ka juya tayar ka saurari boris, wato abin da tayar ke juyawa a kansa, ka girgiza ta. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2314 sati na 23 ne a 2014. Taya mai irin wannan shekarun ko zanenta bai ci ba kar ka yi tafiya da ita.

Yanzu ka shiga ciki. Hancinka zai fara gaya maka, in warin ɗanshi da fumfuna ya buge ka to ruwa na shiga ta wani wuri. Ka taka ko'ina a hankali, bakin ƙofa da ƙarƙashin tagogi da cikin akwatunan da ke ƙarƙashin kujeru, ka ɗaga katifu ka danna daɓen da sukundireba. Filawud ne a wurin, in ya lotsa ko ya yi baƙi ya ruɓe. Ka rufe ƙofar daga ciki ka ga ko haske na shigowa ta ƙasa, ƙofar Boler tana yawan saki, wani lokacin hinjinta ne kawai wani lokacin kuma ɗakin ne ya ɗan zauna.

Ga wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. Dogon kabad ɗin da ke gefen ƙofa da 'yan ƙarafunan da ke tsakanin kantar girki da kabad na sama ba ado ba ne, su ke tallafe rufi. In wani ya cire su don wai yana son fili, ka fita ka hangi rufin daga nesa, in ya lotsa a tsakiya ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Na uku, tsarin aiki

Daga ƙasa ake farawa, sannan a tsayar da yoyo, kwalliya ita ce ƙarshe. Na san rai ya fi son zaɓen labule da fenti, amma wallahi duk abin da ka ƙawata kafin ka toshe ruwa sai ka sake ɓalle shi.

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da waya, kowane noti ka sa shi a leda ka rubuta inda ya fito. In shasi na buƙatar aiki sosai sai a kwance notocin da suka riƙe ɗakin, a ɗaga shi a hankali a ɗora kan katakai masu ƙarfi a zaro shasin ta ƙasa. Ka bar kabad-kabad ɗin a ciki lokacin ɗagawa don jikin kar ya murɗe. A kankare tsatsa, mai walda ya ƙarfafa wurin lanƙwasar nan, a yi fentin hana tsatsa, a sa sabon aksil daidai nauyinta da sabon boris da giris. Daɓen da ya ruɓe a yanke shi har sai an kai katako mai lafiya, sabon filawud ɗin a shafe shi da rezin, wato ruwan gam ɗin da ake aikin faiba da shi, ciki da bai har gefuna, sannan a ɗaure shi da jikin ɗakin da faiba.

Na huɗu, yoyo

Ruwa ba ya ratsa faiba, ta hudojin da aka yi mata yake shiga, wato tagogi, murfin iska na rufi, fitilu, da ribit, wato 'yan ƙusoshin da suka riƙe kabad ta jikin bango. Maganin taga shi ne a cire ta gaba ɗaya, a goge tsohon gam tas, a zagaye bakin da tef ɗin butil, wata roba ce mai danƙo da ba ta bushewa, a mayar da tagar a ɗaure a hankali har butil ɗin ya ɗan fito ta gefe a yanke. Don Allah kar ka sa silikon. Yana sakin jiki bayan ɗan lokaci, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa, sabon gam ma ba ya kamawa sai an sha wahalar kankara. Masu Trillium su duba katakon da ke bayan tagogi, shi ma yana ruɓewa, da bel ɗin tsakiya inda wasu ƙananan ƙarafa da aka binne a ciki ke tsatsa su kumbura su buɗe mahaɗar. Ribit ɗin da ya yi sako-sako a huda shi a fitar a sa sabo da hularsa. In ka gama ka sa mutum a ciki da tocila, kai kana fesa ruwa da tiyo daga ƙasa kana hawa sama a hankali.

Na biyar, facin faiba

Ƙananan tsage-tsage irin na saƙar gizo a fatar waje ne kawai, wato jelkot, ba sa hana komai. Amma huji ko tsaga da ta ratsa ciki tana son faci na gaske. Ka sa takunkumi mai kyau da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu, ƙurar faiba tana ƙaiƙayi sosai kuma ba ta da kyau a huhu.

Ka goge bakin hujin da giranda ko sanfefa mai lamba 80 ya zama gangare mai faɗi, faɗin gangaren kamar ninki 12 na kaurin bangon, ka goge da asiton. Ka yanka tabarmar faiba gida uku ko huɗu, kowace ta ɗan fi 'yar uwarta girma, ka ajiye su kusa kafin ka haɗa rezin don in ka haɗa babu lokacin neman almakashi. Rezin ɗin foliyesta ake sa wa hadina, ruwan da ke sa shi daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya, kuma ka kiyaye idonka da hadinar nan ƙwarai. Ka haɗa kaɗan-kaɗan a kofi. Shafa rezin a wurin, ɗora tabarmar, ka riƙa dangwala buroshi a kai ba ja ba, za ka ga farin tabarmar yana ɓacewa tana zama garau kana hango abin da ke ƙasa. Duk inda ya rage fari to iska ce ko rezin bai jiƙa shi ba, ka ci gaba da dangwalawa har ya fita, sannan ka ɗora ta gaba. A zafi yana kamawa da wuri, ƙasa da digiri 15 na Salshiyas kuma yana iya kwana yana danƙo, don haka mutanen Kanada wannan aikin na bazara ne ko na gareji mai ɗumi. Ragowar da ke kofi tana yin zafi sosai in tana kamawa, kar a jefa ta cikin shara da takardu. Akwai rezin na efoksi da ya fi riƙo, sai dai jelkot ba ya son zama a kansa, in ka yi niyyar mayar da jelkot to ka tsaya a foliyesta.

Na shida, ƙyalli

In ka shafa hannu a jikinta ya fito da farin gari, rana ce ta ci saman jelkot. Ka wanke, ka goge da sanfefar ruwa mai laushi daga 600 zuwa 1000 har 2000, sai man gogewa da inji, sai kakin mota. Ni dai in jelkot na asali yana da sauran kauri ban ga dalilin fenti ba, launin da aka zuba ta da shi ya fi dacewa da ita kuma ba ya ɓarewa. In faci ya yi yawa har launi ya rarrabu, to a yi fenti irin na jiragen ruwa.

Na bakwai, gas da wuta

Nan kam ba wurin tsimi ba ne. Tiyon gas da ragileta a canza su sabbi, kowace mahaɗa a shafa mata ruwan sabulu a ga ko tana kumfa, kuma a kira wanda yake da lasisin aikin gas ya duba murhu da hita da firij. A sa na'urar da ke ƙara in hayaƙi mai guba ya taru, ɗakin ƙarami ne kuma mutane ke kwana a ciki. Tsohon firij ɗin da ke aiki da gas sai karaban ta tsaya daidai ba karkace ba yake sanyi, ka gwada shi haka kafin ka ce ya lalace. Wayarin kashi biyu ne, na batir mai bolt 12 da na wutar gida, tsohon waya da aka yi ta ɗaure-ɗaure da tef gara a zare shi a ja sabo da fiyus.

Bangon ciki na Boler an lulluɓe shi da wani soso mai fata da ake kira Ensolite, in bai yage ba a wanke shi da buroshi da maganin fumfuna a bar shi, shi ke hana raɓa taruwa a bango. Katifa da labule kuma wannan zaɓinka ne da na uwargida.

Kafin doguwar tafiya ka kai ta sikelin manyan motoci da kayanta a ciki, ka gwada nauyin da abin da littafin motarka ya ce za ta iya ja. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa kusa da aksil, a ɗan rinjayar gaba, don in baya ya fi nauyi za ta riƙa wutsil-wutsil a kan titi. Ka gwada fitilun birki da sigina, ka ja ta kamar kilomita 20 ka tsaya ka taɓa tsakiyar kowace taya, ɗumi ba laifi amma in ya ƙona hannu akwai matsala, wataƙila boris ya matse da yawa. Ka sake ɗaure notocin taya a wurin kafin ka ci gaba.