Yadda ake gane ciwon kulocin mai daga takun ƙafa, da yadda ake fitar masa da iska

Wata rana da yamma a hanyar Zariya zuwa Kano, na taka kuloci zan sauko daga giya ta huɗu, sai feda ta tafi ƙasa lakwas, ta ƙi dawowa. Da ƙyar na gangara gefen titi. Makaniken farko da ya leƙo ko bonet bai buɗe ba ya ce sai an sauke giyabos. Allah ya taimake ni wani dattijo da ke zaune a wurin ya ce, "Alhaji, bari a fara duba mai tukuna." Ashe robar kulocin ƙasa, wato ɗan silindan da ke jikin giyabos, ce ta fashe, man kuloci ya tsiyaye tas. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai mota mai giyar hannu: kada ka yarda a taɓa giyabos kafin a duba mai.

Kuloci iri biyu ne, akwai na waya, akwai na mai. Na mai shi ne a Peugeot 504 da iyayenmu suka tuƙa, shi ne kuma a Hilux da Hiace da ke cike da tashoshinmu. Idan ka taka feda, wani siririn ƙarfe yana tura fistin a cikin kulocin sama, wanda makanikai ke ce wa masta. Fistin ya matsa man birki, wanda shi ake zuba wa kuloci, man ya bi ta bututu zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos. Shi kuma ya tura ƙarfe mai baki biyu, ƙarfen ya danna boris a kan sifirin ɗin da ke matse faifan kuloci da filawil, wato faffaɗan ƙarfen da ke juyawa tare da inji. Da faifan ya samu sarari, inji ya rabu da giya ke nan, sai ka sa giyar da kake so.

Sirrin duka a wuri ɗaya yake: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Duk abin da ƙafarka ta tura a sama, shi zai isa ƙasa, muddin mai ne zalla a bututun. Da iska ta shiga, rabin takunka a matse iskar zai ƙare.

Mataki na farko, ka zauna mota a kashe, ka danna feda da hannu. Akwai ɗan wasa da take yi kafin ka ji ta fara tauri, a yawancin motocin Toyota tsakanin milimita 5 zuwa 15. Sannan ka taka da ƙafa a hankali. Lafiyayyar feda tana tafiya sumul, nauyinta ya ƙaru zuwa tsakiya, ya ɗan sassauta kusa da ƙasa, ta kuma biyo ƙafarka da kanta in ka ɗaga.

Na biyu, ka ta da mota ka saurari abin da ƙafarka ke gaya maka. A nan ne aikin yake. In feda ta yi laushi kamar ka taka soso, giya ta ɗaya da ribas suna gurnani kafin su shiga, to ka yi ta famfo sau biyar ko shida ka sake gwadawa. Idan giya ta shiga lafiya bayan famfon, iska ce ko roba da ta fara gajiya. In kuma kana cikin gosulo, ka danne kuloci da giya a ciki, sai ka ji mota ta fara jan jiki alhali ba ka ɗaga ƙafa ba, wannan robar cikin masta ce ke barin mai ya koma baya. Irin wannan ciwon yana ruɗa mutane don sau da yawa ko ɗigo ɗaya ba a gani a ƙasa.

Akwai abin da bai shafi mai ba sam. Idan kuloci bai kamawa sai feda ta zo can sama, ka ba da wuta a giya ta huɗu inji ya yi ta ihu mota ba ta ƙara gudu, har da wari kamar ƙonanniyar roba, faifai ne ya cinye. Wannan kam sai an sauke giyabos, kuma gara a canza faifai da murfinsa da boris gaba ɗaya.

Na uku, ka buɗe bonet ka duba ɗan kofin mai. Wasu motoci kuloci na da nasa kofin daban, wasu kuma da birki suke sha kofi ɗaya. In mai ya yi ƙasa sosai, galibi akwai inda yake zuba, domin ba ya ƙonewa kamar man inji. Ka shafa saman feda ta cikin mota, ka taɓa kafet, ka kuma ɗage robar bakin kulocin ƙasa ka gani ko da danshi. Ka zuba irin man da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Don Allah kada ka bari kowa ya zuba man inji ko man sitiyari, robobin kumbura za su yi su lalace duka. Man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara 2, kuma yana cin fenti, in ya ɗiga ka wanke da ruwa nan take.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ka tanadi sifana, galibi lamba 8 ko 10, da siririn tiyo mai haske, da gora da ɗan mai a gindinta. Ka cika kofi. Ka sa tiyo a bakin ɗan notin da ke jikin kulocin ƙasa, ɗaya bakin ya nutse cikin man gora. Na cikin mota ya taka sau uku a hankali, ya riƙe a ƙasa ya ce "Na riƙe!" Kai kuma ka kwance noti kaɗan, ka ga mai da kumfa sun fito, ka ɗaure, sannan ka ce "Saki!" Kada ya ɗaga ƙafa noti na buɗe, iska ce za ta koma. In feda ta zauna a ƙasa ya ɗago ta da hannu. Bayan kowane zagaye uku ka leƙa kofi, don in ya bushe aiki ya koma farko.

Ku ci gaba har mai ya riƙa fitowa garau babu kumfa. Ka ɗaure noti daidai wa daida, yana saurin karyewa, ka ta da mota, ka danne kuloci na ɗan lokaci, ka sa ribas. In ta shiga shiru, ka ɗan zaga unguwa, washegari ka sake duba kofi kafin ka fita.