Babi na 7: Yadda Ake Tsare Tanti da Kaya Idan An Kwana a Waje

Darasi na 1: Takardar kaya

Mutanen Zariya sun saba da kwanan waje. Manomi yakan kafa bukka a gonarsa ta bakin kogin Galma idan amfani ya nuna, ɗan kasuwa yakan isa Giwa ko Makarfi tun ana gobe kasuwa ya kwana a rumfa tare da kayansa, masu zuwa wa'azi ko Maulidi sukan yi kwana biyu a fili ƙarƙashin tamfol, wanda kuma Allah Ya nufa da aikin Hajji zai kwana a tantin Mina cikin mutanen da bai taɓa gani ba. Tanti dai ƙyalle ne ko tamfol da aka ɗaure da igiya a jikin turaku, kuma reza ɗaya ta isa ta yi masa ƙofa ta baya. Saboda haka tsaron kaya yana farawa ne tun daga gida, da takarda da biro.

Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ku jera duk abin da za ku tafi da shi a kanta. Ku ɗauki takarda, ku ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa a tsakiyarta. A hagu ku rubuta sunan abu, a dama ku rubuta yawansa da lamba. Hagu shi ne gefen da muke fara rubutun boko. Misali, a hagu ku rubuta bargo, a dama ku rubuta 1. A layi na ƙasa ku rubuta riga, a dama ku rubuta 3. Haka za ku yi wa buta, tocila, waya, cajar waya da takalmi, kowane abu da layinsa. Ku taɓa abin da hannu kafin ku rubuta shi, kada ku rubuta da ka. Wanda rubutunsa bai nuna ba tukuna kada ya ji kunya, ya zana hoton abin ya sa lamba a gefe, domin sannu ba ta hana zuwa.

Idan kun gama, ku ninke takardar ku sa ta a aljihun rigar da ke jikinku, mata kuma su sa ta a lalita. Kada ku sa ta cikin jakar kaya. Ku sake karanta wannan jimla da ƙarfi: takardar kaya a jiki take zama, ba a jaka ba.

Darasi na 2: Lambobi 11 da ƙirga uku

A jikin tanti, da jaka, da buta, da bakin bargo, ku rubuta sunanku da lambar wayarku da fenti ko alƙalami mai kaurin baki wanda ruwa ba ya wankewa. Ku rubuta sau biyu, ɗaya a fili inda kowa zai gani, ɗaya a ɓoye daga ciki, domin ɓarawo yakan kankare na waje ya manta da na ciki.

A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Lambar waya a Nijeriya lambobi 11 ce, kuma tana farawa da 0. Idan kun rubuta, ku ɗora yatsa a kan kowace lamba kuna ƙirgawa har ku kai 11. Idan kun tsaya a 10, akwai wadda ta faɗi, ku sake daga farko. Ku lura da 6 da 9: cikin 6 yana ƙasa, kan 9 yana sama. Kuskure a lamba ɗaya ya isa ya sa mutumin kirki da ya tsinci jakarku ya kira wani baƙo a wani gari. Ku ba na kusa da ku ya kira lambar da kuka rubuta, idan wayarku ta yi ƙara to rubutun ya yi daidai.

Wayar ma tana da lambar jikinta mai lambobi 15, wadda ba ta canzawa ko an cire layi. Ku danna *#06# za ta fito. Wato tauraro, sai alamar da ta yi kama da tsani, sai 0, sai 6, sai alamar tsani kuma. Ku kwafe ta a bayan takardar kayanku, ku ƙirga da yatsa har 15, domin za ta yi muku amfani wajen 'yan sanda. Lambar sirri ta katin banki ita kaɗai ce ba a rubutawa a ko'ina.

Yanzu sai ƙirga. Sau uku ake ƙirga kaya a kowace rana: bayan sallar asuba, da kafin ku bar tanti zuwa wani wuri, da kafin ku kwanta. Ku fito da takardar daga aljihu, ku karanta layi ɗaya, ku taɓa abin, sannan ku wuce layi na gaba. Idan kun gama, takardar ta koma aljihu, ba jaka ba.

Ina maimaita wannan ne saboda abin da na gani da idona. Wani dattijo a ajinmu ya yi takardarsa tsaf, rubutu mai kyau, har na ɗaga ta sama na nuna wa sauran ɗalibai. Ya je wurin wa'azi ya kwana, da asuba ya tafi alwala, kafin ya dawo an yanka tamfol ta baya an janye jakarsa. Da ya zo aji na ce masa, "Baba, ina takardar? Mu duba lambar wayar." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai tana cikin jakar." Ran nan ban iya ci gaba da darasi yadda na saba ba, domin watanni ya yi yana tara kuɗin wayar nan. Duk da haka, a mako na gaba da na duba, mutum huɗu sun sake cusa takardunsu cikin jaka. Wannan sakaci ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ɓata mini rai. Ku iyaye ne, kun riƙe gidaje, kun aurar da 'ya'ya, ba zai gagare ku ku riƙe takarda ɗaya a aljihu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ku taɓa aljihunku yanzu ku ji ko tana nan.

Darasi na 3: Inda ake kafa tanti da yadda ake kwanciya

Ku isa wuri da sauran rana, ku kafa tantinku cikin mutane inda haske yake, kada ku ware can gefe kusa da ciyawa ko bakin hanya don neman sarari. Ku yi sallama da maƙwabtanku na dama da na hagu, ku san fuskokinsu. Kaya a tsakiyar tanti ake tara su, nesa da jikin ƙyallen, inda hannu daga waje ba zai kai ba. Jaka ta zama matashin kai, a sa mata kwaɗo, a ɗaure hannunta da igiya a damtse. Kuɗi a raba su gida biyu a jiki, kuma kada a ƙirga su a gaban jama'a. Takalmi a sa shi cikin leda a shigo da shi.

Lokacin salla da alwala da cin abinci shi ne lokacin ɓarawo, saboda haka a riƙa yin karɓa-karɓa, mutum ɗaya ya tsaya har sauran su dawo. Kada a bar waya a wurin caji a tafi. Alhazai su tuna cewa tantunan Mina kamarsu ɗaya, sai a rubuta lambar tanti a takardar kaya, kuma tun da haramin maza ba shi da aljihu, takardar da kuɗin su shiga ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu.

Darasi na 4: Babur da keke

A ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin itace ko ƙarfe, inda ido zai riƙa ganinsa. Makulli da takardunsa su kwana a jiki.

Darasi na 5: Idan an yi sata

Ku fito da takardar ku duba abin da babu, ku sanar da 'yan agaji ko 'yan sintiri nan take, sannan 'yan sanda. Idan waya ce ko katin banki, ku sa a rufe layin da asusun a ranar. Idan an kama wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma, kada a doke shi.

Aikin gida: kowa ya rubuta kaya 10 da yawansu, da lambar wayarsa a ƙasa, ya zo da takardar a aljihunsa ranar Asabar.