Zawon rota a yara: kurakuran da nake ta gani gida-gida

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya ga matan unguwarmu nan Gadarif a Sudan, shi yasa nace bari in rubuta kowa ta karanta ta tura ma ƙanwarta. Sau da yawa zawon nan mai ruwa tsululu da ke kama yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2, wanda ke farawa da zazzaɓi da amai, ƙwayar cutar rota ce. Ta kashi take fita, ta bi hannu da kwano da kayan wasa ta shiga baki, bayan kamar kwana 2 ciwo ya bayyana, yakan kuma kai kwana 3 zuwa 8 kafin ya lafa. Da wuya yaro ya kai shekara 5 bata taɓa shi ba.

Wanda yafi ƙona min rai shine "ai haƙori ne". Yaro na ta zuba kamar famfo, ido ya faɗa, yana kuka ba hawaye, tun safe bai yi fitsari ba, maɗiga ta lotsa, amma ana zaune ana cewa in haƙorin ya fito zai daina. Wata ma sai ta rage mai nono da ruwa wai kar zawon ya ƙaru, wata ta kwaɓa magani ta manna a maɗigar, wata kuma a kai shi a tsaga mai dadashi da reza. Haba jama'a! Haka muka rasa ɗan ƙanwata a Maiwurno, yaro mai ƙiba da wayo ya fara rarrafe, tsoffin gida suka ce haƙori ne a bar shi, kafin a samu mota a kai shi asibiti jijiyar da za'a sa ƙarin ruwa ma an rasa. Allah ya jiƙan shi, har yau in na tuna sai naji ƙirjina ya yi nauyi. Ba zawon ne ke kashe yaro ba, ruwan jikin shi ne ke ƙarewa, kuma jariri ba shi da ruwan da zai yi asara na kwana biyu.

Abinda nake yi, gidana baya rabuwa da fakitin ruwan gishiri da suga na saidaliyya (kantin magani), kuma na ware gora mai lita ɗaya cif don shi kawai, saboda mata da yawa suna juye fakiti a kofi ɗaya yayi gishiri ya ƙara ma yaro wahala. Ruwan randa sai na tafasa ya huce. In ba fakiti, lita ɗaya, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki dinga bashi da cokali kaɗan kaɗan, in yayi amai ki jira minti 10 ki ci gaba, wanda ya kwana ya wuni ki zubar ki haɗa sabo. Nono kuwa kar ki kuskura ki tsayar. Ki haɗa da ƙwayar zink kullum kwana 10 zuwa 14, ko zawon ya tsaya ki ƙarasa. In yaro ya ƙi sha ko jikin shi ya saki, ba zama, asibiti ko da tsakar dare ne.

Na biyu rigakafi. Sudan ta saka na rota cikin rigakafin jarirai tun 2011, amma har yanzu sai kaji mace tace "ai an ɗiga mai", alhali na shan inna take nufi. Dukkansu a baki ake ɗigawa amma kowanne da aikin shi, ki buɗe kati ki duba ko ki tambayi ma'aikaciyar kai tsaye. Daga sati 6 ake farawa kuma ba sau ɗaya bane, sannan yana da iyakar wata, in jariri ya girma ba'a bashi, don haka maganar sai Habboba (kaka) ta yarda ko sai baban shi ya dawo daga gona bata taso ba. Nasan tun yaƙin 2023 mutane da yawa sun baro Khartum da Madani ba kati ba komai, to ki ɗauki jaririn haka ki je ki faɗi ranar haihuwar shi. Ba wai zai hana shi zawo kwata-kwata bane, mai tsananin da ke kwantar da yaro shi yake ragewa sosai.

Sauran a taƙaice. Flagyl da su antibayotik basa taɓa rota, kuɗi kawai kike zubarwa. Maganin tsayar da zawo na manya haɗari ne ga yaro. Lemon kwalba suga ne zalla, ƙara zawon yake.

Ku kuma manya kar ku ce ciwon yara ne, uwa da kaka masu wanke kashin su ma suna ɗauka, sau da yawa da sauƙi yake zo musu ko ma ba alama, sai su raba ma sauran yaran gida a kwanon abinci. Tsohuwa dai in ya kama ta a bata ruwan nan itama. Bayan tsarkin yaro ruwan buta kaɗai bai isa ba, sabulu za'a sa a cuɗa hannu sosai, man shafa hannun nan na kwalba baya maye gurbin sabulu a wannan ciwon, fo da wandunan shi kuma a wanke da kulorin nesa da inda ake girki.