Yadda ake kare gonar gyaɗa daga kuturta

Manoman da suka ga daminar 1975 ba sa wasa da kuturtar gyaɗa. A shekarar ta cinye gonaki kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano ya daɗe bai farfaɗo ba. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, darɓa, wato ƙananan ƙwari baƙaƙe masu tsotse ruwan toho, ke yaɗa ta, kuma idan ta kama tushe babu maganin da zai warkar da shi. Aikin duk na rigakafi ne.

Fara da iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin da ke jure cutar, kamar SAMNUT 24, 25 da 26. Cutar ba ta bin iri, amma irin gida da ba shi da juriya shi darɓa ke fara kayarwa.

Kafin shuka, zagaya gona ka tuge gyauron gyaɗar bara. A nan cutar ke ɓuya da rani.

Da ruwa ya zauna, yi shuka, kada ka jira. Gyaɗar da aka makara da ita tana ƙarama darɓa za ta same ta. Sannan ka matse shukar: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, tsakanin rami da rami kada ya wuce 20. Nan ne mutane ke yin ƙwauron iri, su bar gona fili-fili, alhali darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin tushe da tushe. Ramin da bai tsiro ba, cike shi da wuri.

Daga sati na biyu, riƙa shiga gona kana juya sabon ganye. Za ka ga ƙananan ƙwari baƙaƙe sun manne a toho, wurin na danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ƙara sa ido idan ruwa ya ɗauke na kwanaki. In sun yi yawa, nemi malamin gona ya faɗa maka maganin feshi da adadinsa.

Tushen da ya kamu kuwa ba ya ɓuya: ya tsugune bai girma ba, ganye ƙanana a murɗe, sun cure wuri guda, wani ya yi ɗorawa-ɗorawa da ɗigon kore, wani ya yi kore shar har ya nemi yin duhu. Kada ka tausaya masa, ba zai yi ƙwaya ta kirki ba. Tuge shi, fitar da shi daga gona, ka binne ko ka ƙone.