Tumatir ya nannaɗe ganye: kurakuran da na gaji da gani a lambunan Legas

Makon jiya wani yaro da ya karɓi fangali biyu kusa da nawa a nan gefen Ojo ya zo mini da gindin tumatir a hannu. Ganyen sama ya ƙanƙance, ya nannaɗe kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, fure kuma sai kaɗewa yake. Ya ce, "Baba, wane magani zan saya?" Shi ne na huɗu da ya yi mini wannan tambaya a ranin bana, kuma amsar ba ta canja ba: babu. Bairos ne, wato ƙwayar cutar da ido ba ya gani. In ya shiga jikin shuka ba ya fita, ko ka juye mata shagon magani gaba ɗaya. Ƙwaron da ke ɗauko shi ake tarewa, shi ma tun bai iso ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen renon iri, kuma nan ne ni ma na taɓa ƙonewa. Wata shekara na yafa irin tumatir a gindin tsohon lambun da muka gama tsinka, don kawai ruwa ya fi kusa. Iri ya fito kore shar, na dasa shi da murna. Mako uku bayan dashe sai saman shukar ya fara murɗewa, layi bayan layi. Kuɗin iri, kuɗin taki, ladan masu ban ruwa, hayar fili, duk suka bi ruwa. Abin da na tsinka a wannan rani bai kai a ɗauki hayar mota zuwa kasuwar Mile 12 ba.

Farin ƙuda ne ya yi mini wannan aiki. Ka girgiza tsohon gindin tumatir da safe, za ka ga wani abu kamar garin rogo ya tashi daga ƙarƙashin ganye. Shi ke nan. Yana tsotsar ruwan shuka mai ciwo na kamar minti 15 zuwa 30, cutar ta ratsa cikinsa ta kai ga yawunsa cikin abin da bai wuce kwana guda ba, daga nan kuma ya yi ta rabon ta kwana da kwanaki, sau da yawa har ya mutu. Alamar ba ta bayyana sai bayan mako biyu ko uku. Wato irin nan da na dasa ina murna, da ciwonsa na ɗauke shi daga wajen reno. Shukar da ta kamu tana ƙarama ta tsumbure ke nan, ba ta yin abin kirki. Wadda ta kamu bayan ta ɗaura 'ya'ya kan ba da wani abu. Duk cinikinka yana rataye a kan makonni huɗu ko biyar na farko, amma nan ne mutane suka fi sakaci.

Ku kuma daina kawo lissafin gida. A Arewa gona kan huta, ciyawa ta bushe, sanyin hunturu ya rage wa ƙwari ƙarfi. Legas kore take shekara zagaye: in tumatir ya ƙare akwai kuɓewa, akwai gauta, akwai ciyawar bakin kwata. Ƙwaro ba ya rasa masauki.

Yanzu ina yin reno nesa da duk wani tsohon lambu, kuma a rufe tun ranar da na yafa iri. Ban ce gidan sauro ba. Idonsa ya yi faɗi, farin ƙuda ratsa shi yake. Ragar ƙwari ake nema, mai lamba 50, a binne bakinta cikin ƙasa, a riƙa ban ruwa ta samanta ba tare da an ɗaga ba. In kuwa sayen iri za ka yi a hannun wani, juya ganyen ka duba bayansa kafin ka ba da kuɗi.

Sai feshi. A nan raina yake ɓaci. Mutum ya ga attarugunsa ya yi dabbare-dabbare, ganye ya murtuke, sai ya goya famfo yana feshi kwana biyu-biyu, wani har haɗa magani uku yake a jarka ɗaya don mai shago ya ce haka ya fi ƙarfi. Ihu bayan hari ne. Cutar attarugu da tattasai, wadda aka fara ganowa a Gana a 1971, da ta kokwamba, wadda ke kama tsirrai sama da iri 1,000, ƙwarƙwatar ganye ce ke yaɗa su, wato 'yan ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a bayan ganye suna tsotsar ruwansa, kuma hanyarta ta bambanta da ta farin ƙuda. Mai fiffike a cikinsu kan sauka a ganye ta soka baki ta ɗanɗana, cikin 'yan daƙiƙoƙi cutar ta manne a tsinin bakin, ta tashi ta soka na gaba. Kafin maganinka ya kashe ta, ta gama aikinta. Wani maganin ma firgita su yake, su yi ta tsalle daga shuka zuwa shuka. Abin da ka kashe da gaske su ne jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigon baƙi da ke cinye maka ƙwarƙwatar kyauta. Kuma ku ji tsoron Allah: wanda ya fesa wa lambu guba yau, gobe ya yanki alayyahu da latas na gefe ya kai kasuwa, 'ya'yan mutane ne za su ci.

Tunda cutar attarugu a bakin ƙwarƙwatar take, kuma tana gogewa da wuri, sai na riƙa kewaye attarugu da layi uku na masara, in shuka ta mako uku kafin dashe. Ƙwaron ya fara sauka a kan masara ya goge bakinsa can. Wasu abokan sana'a sun ce inuwa da cin fili ne. Ni dai na ga amfaninta. Ga farin ƙuda feshi na da amfani, amma da yamma, a ƙarƙashin ganye, kuma a riƙa sauya magani don ya kan saba. Karanta sunan sinadarin, kada ka tsaya ga hoton kwalba: imidacloprid da acetamiprid 'yan gida ɗaya ne, in ka bar wannan ka koma wancan ba ka sauya komai ba. Tsakani nakan jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ya kwana, in tace in fesa.

Tausayin shuka mai ciwo ma kuskure ne. "Bari mu gani ko za ta farfaɗo." Ba za ta farfaɗo ba, rijiya ce ka bar wa ƙwari suna ɗiba. Ka kifa mata leda tukuna don ƙwarin da ke jikinta kada su watse, sannan ka tumɓuke, ka fitar da ita daga lambun ka binne. Kada ka yar a kan kunya.

Ganye ya yi rawaya ba kullum yunwar taki ba ce. Ƙarin yuriya sabon toho mai laushi yake kawowa, abin da ƙwarƙwata ke so ke nan. Tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016, ba bairos ba ce; ita cin cikin ganye take, tana barin farin zane. 'Yan ƙananan buzuzun da ke huda ganyen kuɓewa su ma suna ɗauke da cutarta, kada ka raina su. Mai shan taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tumatir, don akwai bairos ɗin da hannu da wuƙa ke yaɗawa. Rawayar jarka da aka shafa wa baƙin mai tana kama farin ƙuda, amma aikinta ta sanar da kai sun iso ne, ba ta ƙarar da su.

Ni da yaron nan mun tumɓuke gindi goma sha ɗaya a ranar. Da muka kai ƙarshen fangali na biyu sai ga tsohon tumatir na maƙwabcinsa, an gama tsinka tun watan jiya an bar shi tsaye, bayan ganyensa fari fat. Na ce wa yaron ajiye famfon nan, mu je mu gaishe da mai wurin, mu roƙe shi ya bari mu share masa gobe da sassafe.